Albasar Galmi a Adjamé: Wa Ya Buɗe wa Falke Hanya?

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, wani ra'ayi ya samu gindin zama a tsakanin masu nazarin hulɗar Nijar da Kodibuwa, har ya kusa zama abin da ba a musu a kansa. Ra'ayin shi ne, dangantakar ƙasashen nan hawa biyu ce. A sama akwai ta shugabanni da jakadu, wadda ta yi tsami. A ƙasa kuma akwai ta fatake da 'yan ci-rani, wadda ko gezau ba ta yi ba. Wani abokin aikina, masanin tattalin arziki wanda ya fi kowa iya kare wannan matsayi, yakan kafa hujja da Bromakoté, unguwar nan ta Adjamé a Abijan inda Hausawa suke da yawa. A cewarsa, a makon da Shugaba Alassane Ouattara ya yi alkawarin ba da bataliya ta soja 850 zuwa 1,100 don mayar da Mohamed Bazoum kan mulki, da makon da Yamai ta kira jakadanta gida a tsakiyar Agustan 2023, ba a daina sauke albasa a Adjamé ba, ba a kuma daina aika kuɗi Tawa da Madawa ba. Saboda haka, in ji shi, rikicin gwamnatoci ga Bahaushen Abijan faɗa ne da babu ruwansa, daɗin kallo gare shi.

Ina ganin wannan ra'ayi ya kauce hanya, kuma kaucewar ba ƙarama ba ce. Abin da ya gani a kasuwa gaskiya ne. Inda muka rabu shi ne dalilin da ya sa ya gan shi.

Tarihin fataucin Hausawa da zangunansu a Afirka ta Yamma ba ya buƙatar maimaici a nan (Adamu 1978, Lovejoy 1980, Grégoire 1986). Sai dai akwai tarko a cikinsa. Da zarar an ambaci ayarin goro da Gwanja, sai mai karatu ya ɗauka duk inda aka ga Bahaushe da buhu a bakin teku, ci gaban wancan tsohon ayari ne wanda ya girmi iyakoki da tutoci. Ayarin goro Salaga ya nufa, bai san Abijan ba. Abijan ba ta zama hedkwatar mulkin mallaka ba sai a 1934, ba ta kuma zama babbar tashar jiragen ruwa ba sai da aka fasa mashigin Vridi a 1950. Matasan Nijar da Jean Rouch ya ɗauka a fim ɗinsa na Treichville da ya fito a 1958, cikinsu har da Oumarou Ganda, leburori ne na tasha da kamfanoni, ba jikokin madugai ba. Har a wancan lokacin ma, zuciyar ɗan ci-ranin Nijar Kumasi da Ankara take (Rouch 1956). Abin da ya juya akalar mutane da yawa zuwa yamma shi ne taɓarɓarewar tattalin arzikin Gana, da dokar korar baƙi da gwamnatin Busia ta kafa a Nuwamban 1969, a daidai lokacin da shugaban Kodibuwa, Houphouët-Boigny, ya bar ƙofarsa a buɗe. Wato unguwar da ake kafa hujja da ita cewa falke ba ya buƙatar gwamnati, matakan gwamnatoci biyu ne suka taimaka wajen cika ta.

Buɗe ƙofar kuwa ba sadaka ba ce. Nijar ta ninka Kodibuwa kusan sau huɗu a faɗin ƙasa, amma tattalin arzikin Kodibuwa ya ninka nata fiye da sau huɗu, ga shi Nijar ba ta da teku. Ƙaramar ƙasa ce a ma'anar da ta dami masana hulɗar ƙasashe, wato wadda tilas ta nemi jingina. Diori Hamani na Nijar ya jingina da Houphouët, abokinsa na jam'iyyar RDA, kamar yadda Djibo Bakary da Sawaba suka jingina da Nkrumah. Majalisar Entente da aka kafa a Abijan ranar 29 ga Mayun 1959, tsakanin Kodibuwa da Haute-Volta da Dahomey da Nijar, ciniki ne a fili. Houphouët ya samu abokan da za su taya shi karya Tarayyar Mali, ya samu ma'aikatan gonakin koko da kofi. Diori ya samu kariyar siyasa, da asusun taimakon juna wanda Abijan ce ke zuba kaso mafi tsoka, da wurin da matasan Adar za su tafi bayan girbi. Iyakar cinikin ta fito a farkon 1966, sa'ad da manyan jam'iyyar PDCI mai mulkin Kodibuwa suka yi watsi da shawarar Houphouët ta bai wa 'yan ƙasashen Entente damar zama 'yan ƙasa biyu. Daga ranar nan matsayin ɗan Nijar a Abijan ya tabbata: baƙo ne da ake maraba da shi, amma maraba ɗin manufa ce ta mai mulki, ba haƙƙi ba ne da ke rubuce a tsarin mulki.

Abokin muhawarata bai musa wannan tarihi ba. Cewa yake yi, ko da gwamnati ce ta haƙa rijiyar, yanzu ruwan ya fi ƙarfinta. Babbar hujjarsa 2023 ce, don haka a nan ya kamata a tsaya.

Nijar da Kodibuwa ba su da iyaka ɗaya. Motar da ta ɗauko albasa daga Galmi sai ta bi Yamai, ta ratsa Burkina Faso, ta wuce Wagadugu da Bobo da Niangoloko, kafin ta shiga Kodibuwa ta Ouangolodougou, ta gangara Bouaké da Yamoussoukro zuwa Abijan. Daga Yamai kaɗai tafiya ce ta fiye da kilomita 1,500. Da ƙungiyar CEDEAO, wadda 'yan Najeriya suka fi sani da ECOWAS, ta ƙaƙaba takunkumi a Abuja ranar 30 ga Yulin 2023, umarninta shi ne a rufe iyakoki da Nijar. Washegari Wagadugu da Bamako suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa ba za su bi ba. Iyakar Nijar da Burkina ta zauna a buɗe bisa shawarar siyasa, iyakar Burkina da Kodibuwa kuwa da ma takunkumin bai shafe ta ba. Albasar da abokina ya gani a Adjamé ta wannan kafa ta bi. Ba dabarar fatake ce ta fasa kafar ba, sojojin da ke mulki a Wagadugu ne suka bar ta.

Idan ana son gwaji mai kyau, a dubi gadar Gaya da Malanville a cikin watannin nan ɗaya. Fataken da ke bin hanyar Kwatano ba su gaza na Abijan wayo ko dangi ko amana ba, sau da yawa ma gida ɗaya suka fito. Amma da Binin ta bi umarnin CEDEAO, motoci suka yi jerin gwano har kaya suka lalace. Da aka ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Yamai ta ƙi buɗe nata ɓangaren, gadar ta ci gaba da zama a toshe. Gaskiya ne kwale-kwale sun yi ta tsallakar da mutane da buhuna a kogin Kwara, kuma abokina yana son wannan hoto ƙwarai. Amma kwale-kwale ba ya ɗaukar abin da tirela ke ɗauka, kuma kowace sauka da lodi kuɗi ne da ake ɗora wa mai saye ko a zabge wa manomi. Fatake iri ɗaya, amana iri ɗaya, sakamako daban. Abin da ya bambanta hanyoyin biyu shi ne matsayin gwamnatin da ke tsakiya. Ban ga yadda ra'ayin hawa biyu zai bayyana wannan ba.

Hanyar Burkinar ma ba a buɗe take yadda take a da ba. Rashin tsaro a gabashin ƙasar ya sa manyan motoci suka koma bin Téra da Dori da Kaya, a ayari, da rakiyar soja. Direba ba ya tashi ranar da ya ga dama, sai ranar da aka ce ayari zai tashi. Ga mai ɗauke da siminti jira asarar lokaci ce kawai. Ga mai albasa kuwa jira ruɓa ce.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin sauke albasa a Adjamé ya san abin da nake nufi. Ana kwance tamfol, tun kafin a sauke buhu ɗaya mai gida ya riga ya san labari daga wari. 'Yan dako su sauko da buhunan, waɗanda aka cika har aka ɗinka musu hula, a farke su a ƙasa, yara su zauna tsince ta ɗaya bayan ɗaya, mai kyau gefe, wadda ta fara ruwa gefe, wadda ta mutu a kwandon shara. Matan kasuwa suna tsaye suna jira, yawancinsu ba da kuɗi a hannu suka zo ba. Za su ɗauka bashi, a rubuta a littafi, su biya bayan sun sayar. Mai gida kuma bai biya mai kaya ba tukuna, mai kaya bai gama biyan dillalin Galmi ba, dillali yana riƙe da sauran kuɗin manomi. Silsilar bashi ce daga bakin teku har fadamar Adar, kuma abin da aka zubar a kwandon shara sai ya bi ta a baya-baya har ya isa ga wanda ba shi da wanda zai tura wa. Binciken David da Moustier (1998) a kan wannan fatauci ya nuna yadda ƙananan 'yan kasuwa suka rataya a wuyan manya. Don haka idan aka ce kasuwa ba ta tsaya ba, sai a tambaya: a kan wa aka sauke nauyin rashin tsayawarta?

Hujjar abokina ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ta shafi kuɗi. Na taɓa cewa a gabansa sefa ce ƙashin bayan wannan ciniki, domin jakar da aka karɓa a Adjamé ita ce jakar da za a kashe a Madawa, babu canji, babu faɗuwa a hanya. Nijar ta fita daga CEDEAO, amma ba ta fita daga UEMOA, ƙungiyar ƙasashe masu amfani da sefa, ba, babban bankinta har yanzu BCEAO ne da ke Dakar. Ya amsa da cewa cinikin Maraɗi da Katsina da Kano ya fi na Abijan girma nesa ba kusa ba, alhali da naira da sefa ake yin sa ta hannun 'yan canji. Ya ƙara da Gana, wadda take cikin manyan masu sayen albasar Nijar, kuma da sidi take biya. In kuɗi ɗaya sharaɗi ne, me ya kai albasa Ankara?

A nan dole da'awar ta ragu zuwa abin da hujja za ta iya ɗauka. Kuɗi ɗaya ba sharaɗin wanzuwar fatauci ba ne, misalin Gana ya isa shaida. Abin da za a iya karewa ya fi wannan ƙanƙanta: kuɗi ɗaya yana yanke wa zai iya shiga fataucin, da kuma tsawon bashin da za a iya bayarwa. Mai sayarwa da sidi ko naira, wanda kuɗinsa zai kwana makonni a hannun mutane, yana caca da farashin canji, kuma mai jari babba ne kaɗai ke iya jure wannan caca. Mai sayarwa a Abijan an ɗauke masa wannan fargaba, shi ya sa yaron shago da ya tara 'yan kuɗinsa zai iya haɗa gwiwa da wasu su cika mota. Abin da ya faru a Janairun 1994 ya nuna girman lamarin ta wata fuska. Da aka karya darajar sefa da rabi a Dakar, naman daskare da albasar Turai suka yi tsada a Abijan dare ɗaya, shanun Sahel da albasar Galmi suka samu sarari. Babu falke ko ɗaya a ɗakin da aka yanke wannan shawara, amma ta sake fasalin kasuwarsa fiye da duk wata dabara tasa. Har gobe albasar Holan tana shigowa ta tashar jiragen ruwa, tana cike gurbi a watannin da ta Nijar ta yi ƙaranci, kuma duk kwanan da mota ta ƙara a hanya, rata ce aka ba ta.

Abokina yakan kuma kawo yaƙin da ya raba Kodibuwa biyu daga Satumban 2002, cewa motoci sun ci gaba da ratsa yankin 'yan tawaye. Sun ratsa, amma da takardar izini da harajin da 'yan tawayen Forces Nouvelles suka ɗora a Bouaké. Hukuma ce ta maye gurbin hukuma. Ban ga abin da wannan ya ƙara wa matsayinsa ba.

Saura batun takarda, wanda masana tattalin arziki suka cika rainawa domin ba ya fitowa a alƙaluman duwan. A zamanin Houphouët baƙi 'yan Afirka har ƙuri'a suna jefawa. A farkon shekarun 1990, lokacin Ouattara yana firaminista, aka shigo da katin zama na baƙi, dokar zaɓe ta 1994 ta raba su da ƙuri'a, sannan aƙidar nan ta asalin zama ɗan ƙasa da ta yi tashe a zamanin Shugaba Bédié ta mayar da babbar riga da hula abin tuhuma a shingen 'yan sanda. Dattawan Treichville da Adjamé ba su manta da kamen wancan lokaci ba. A 2007 ne Laurent Gbagbo ya soke katin, kuma ga 'yan ƙasashen CEDEAO ya soke shi. To, tun ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar ba ta cikin CEDEAO. Abin da ya rage wa ɗan Nijar shi ne tanadin walwalar jama'a da ke cikin yarjejeniyar UEMOA, da sanarwar CEDEAO cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina, har sai an ba da wani umarni. A ƙasar da ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 22 cikin 100 na mazaunanta ba 'yan ƙasa ba ne, wannan jimla ta ƙarshe ba ƙaramar magana ba ce. Mai rumbu a Bromakoté, wanda wataƙila a Abijan aka haife shi, zamansa ya rataya ne a kan sanarwar da za a iya janyewa a taro guda.

Ba sai an je ga shugabanni ba ma. A 2024 hukumar gundumar Abijan ta rushe unguwanni, ta hana talla a manyan tituna, ta kuma tashi kasuwar dabbobi ta Port-Bouët. Matakan ba su ambaci ɗan wata ƙasa ba, amma sana'o'in da suka taɓa cike suke da 'yan Sahel. Ɗan ƙasa yana da ɗan majalisa da ƙuri'a. Baƙo yana da ofishin jakadanci, kuma ƙarfin muryar jakada daidai yake da lafiyar dangantakar ƙasarsa da mai masauki. Sarkin Hausawa da shugabannin ƙungiyoyi suna iya roƙo, suna iya sasantawa da kwamishinan 'yan sanda na unguwa, amma ba su da abin da za su ɗora a kan sikeli.

Matsin kuma ba daga gefe ɗaya yake zuwa ba, abin da masu sha'awar AES ba sa son ji. A Oktoban 2024 Yamai ta hana fitar da hatsi zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina, a Mayun 2025 kuma ta dakatar da fitar da dabbobi gab da Babbar Salla. Dalilin da aka bayar shi ne sauƙaƙa farashi a gida, kuma dalili ne da ba a raina shi. Amma Bahaushen da ya shekara yana shirin ragunan layya na Abijan, gwamnatinsa ce ta kansa ta datse shi. Ƙasar da ba ta da jiragen ruwa ko bankunan da za ta matsa wa maƙwabta da su, abin da ke hannunta shi ne abincin da take sayar musu. Ina zargin, ko da yake ba zan kai shi matsayin tabbaci ba, cewa irin wannan mataki zai yawaita, domin shi ne mafi arha ga mai mulki, tunda kuɗinsa daga aljihun falke yake fita.

Akwai abin da abokina ya riƙe wanda ba zan ƙwace masa ba. Babu yarjejeniyar da ta ƙirƙiri amanar da ke sa a ɗora kayan miliyoyi a mota bisa magana ta waya, babu ma'aikatar da ta koya wa mai gida saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a wurin sayarwa, ya kuma lamunci bashinsa. Zaman tare ya yi nisa har abincin da matasan Abijan suka fi so, rogon attiéké da soyayyen kifi, garba ake ce masa, da sunan 'yan Nijar da suka shahara da sayar da shi. Amma Abner Cohen (1969), wanda ake yawan jingina wannan ra'ayi gare shi, ba haka ya ce ba. Abin da ya nuna a Sabon Ibadan shi ne, tsarin masu gida ya tsaya ne a kan amincewar da hukumar mulkin mallaka ta yi wa unguwar da sarkinta, kuma da wannan amincewa ta gushe sai da Hausawa suka sake gina kansu a kan ɗariƙar Tijjaniyya don kada cinikin shanu da goro ya kuɓuce musu. Zango a wurinsa amsa ce ga siyasa. Meagher (2003) ma ta yi kashedi a kan masu kallon cinikin tsallaken iyaka a matsayin haɗin kan talakawa da ya fi ƙarfin hukuma. Hujjojina dai sun tsaya ne ga kaya masu nauyi da saurin lalacewa, da kuma matsayin zama. Mai sayar da agogo ko turare ko maganin gargajiya, wanda jarinsa ke cikin jaka, zai fi kusa da hoton da abokina ya zana.

A Mayun 2025 shugaban hukumar CEDEAO ya zauna da ministocin wajen AES a Bamako don fara tattauna abin da zai biyo bayan rabuwar. Ko da Yamai da Abijan sun shirya gobe, sun mayar da zumuncin zamanin Diori da Houphouët, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba za ta kai buhu ɗaya Adjamé ba sai da yardar ta uku. Layin dogon da Faransawa suka fara a 1904 da sunan Abijan zuwa Nijar ya isa Wagadugu a 1954, daga baya aka ja shi zuwa Kaya, bai taɓa taka ƙasar Nijar ba, kuma kwalta ma ta nan take bi. Dangantakar Wagadugu da Abijan kuwa ta fi ta Yamai da Abijan tsami, da zarge-zargen yunƙurin kifar da gwamnati da kame jami'ai a kan iyaka, tarukan yarjejeniyar abota ta 2008 kuma sun tsaya tun bayan juyin mulkin 2022. Mai nazarin da ke son sanin makomar Bromakoté zai fi samun amsa a shingen Niangoloko fiye da a ofishin jakadancin Nijar da ke Abijan.